Rayuwar Wasa ta Chita Rivera: Matsayin Mai Aiwatarwa a Nazarin Wasan Kwaikwayo na Waƙa da Rawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba da nazarin wasan kwaikwayo ya san cewa, galibi, daga littafi muke farawa, a littafi kuma muke tsayawa. Mukan ɗauki rubutaccen wasa mu fito da jigonsa, mu warware zubi da tsarinsa, mu yi sharhi a kan salon marubucin da halayen taurarinsa, sa'an nan mu ajiye alƙalami muna ganin aiki ya kammala. Mutumin da ya hau dandamali ya ba waɗannan taurari jiki da murya kuwa, sau da yawa ko sunansa ba ya fitowa a cikin sharhin.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa wannan hanya tana da giɓi, kuma giɓin ya fi fitowa fili a nau'in wasan da ake haɗa magana da waƙa da rawa wuri guda, irin wanda ya yi fice a gidajen wasan Broadway na birnin Niyok. Mun zaɓi rayuwar wasa ta Chita Rivera (1933–2024) don ta zame mana ma'auni. Dalilin zaɓen shi ne, ita ce ta fara fitowa a matsayin wasu taurari da suka zauna daram a tarihin wannan fanni, amma duk lokacin da aka zo mayar da wasan fim sai a ba wata matsayin. Wannan ya tilasta mana yin tambaya: mene ne rabon mai aiwatarwa a cikin tauraron da ya fara raya shi, kuma ta yaya manazarci zai gane wannan rabo?

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Dolores Conchita Figueroa del Rivero a birnin Washinton ranar 23 ga Janairu, 1933. Mahaifinta mutumin tsibirin Puerto Rico ne, mabushi a ƙungiyar badujala ta sojan ruwan Amurka, ya kuma rasu tana da shekara bakwai. Ta fara koyon rawar bale, watau rawar nan ta Turai mai tsauraran ƙa'idoji, a makarantar Jones-Haywood ta Washinton, daga nan ta sami gurbi a makarantar bale da George Balanchine ya kafa a Niyok. A farkon shekarun 1950 ta shiga ayarin wasan Call Me Madam a matsayin ɗaya daga cikin 'yan rawan baya, waɗanda matsayinsu ya yi kama da na 'yan amshi a ƙungiyar makaɗi. Ta yi irin wannan aiki a Guys and Dolls da Can-Can kafin ta sami matsayi mai suna.

Daga 1957 zuwa 2015, watau shekara hamsin da takwas, ta fito a jerin manyan wasanni, an sa sunanta sau goma cikin masu takarar kyautar Tony, wadda ita ce babbar kyautar Broadway, ta kuma ci sau biyu, a 1984 da 1993. A 2018 aka ƙara mata ta girmamawa saboda aikin rayuwarta. Ta rasu ranar 30 ga Janairu, 2024.

Abin lura a wannan tarihi shi ne ƙofar da ta shigo ta cikinta. Da rawa ta fara, waƙa da magana suka biyo baya. Wannan shi ya shata salonta har ƙarshe, domin ko a inda take waƙa kawai, jikinta ne ke fara faɗin abin da baki zai faɗa.

3.0 Anita a West Side Story (1957)

An buɗe West Side Story ranar 26 ga Satumba, 1957, aka yi ta nuna shi har sau 732. Mutum huɗu ake jingina wa wasan: Arthur Laurents da ya rubuta labarin, da Leonard Bernstein da ya tsara kiɗan, da Stephen Sondheim da ya rubuta baitocin waƙoƙin, da Jerome Robbins da ya shugabanci shirin ya kuma tsara rawa. An ɗauko ƙashin labarin daga Romeo and Juliet na Shakespeare, aka mayar da gabar gidaje biyu ta zama gabar ƙungiyoyin samari biyu a titunan Niyok, ɗaya ta farare, ɗaya ta baƙi daga Puerto Rico.

Rivera ta fito a matsayin Anita, budurwar shugaban samarin Puerto Rico, kuma aminiyar Maria. A takarda, Anita tana daidai da unguwarzoma ko mai renon Juliet, watau tauraruwa ce ta gefe. A dandamali kuwa, a kanta wasan yake juyawa, kuma za mu iya nuna haka ta fitowa uku.

Ta farko ita ce waƙar da ake kira "America", inda 'yan matan ke gardama a kan zaman Amurka da komawa gida. Bernstein ya gina kiɗan a kan bugu shida da ake raba su iri biyu bi da bi: sau ɗaya kashi biyu mai uku-uku, sau ɗaya kashi uku mai bibbiyu. Kunne yana jin wannan saɓani, amma ido ba ya ganinsa sai an sami mai rawar da za ta sauya nauyin jikinta daidai da sauyin bugun, tana waƙa a lokaci guda ba tare da numfashi ya yanke ba. Saɓanin bugun shi ne jigon waƙar kansa, domin hoton mutum ne mai ƙafa ɗaya a tsibiri ɗaya a birni. Ta biyu ita ce waƙar fushi da Anita ta yi wa Maria bayan saurayin Maria ya kashe nata. A nan babu rawa sam, sai murya mai kaushi da tsayuwa wuri ɗaya. Ta uku ita ce fitowar kanti, inda Anita ta kai saƙon Maria, samarin ɗaya ƙungiyar suka ci zarafinta, ita kuwa cikin ɗacin rai ta ce Maria ta mutu. A wasan Shakespeare annoba ce ta hana saƙo isa. A nan ƙiyayyar jinsi ce ta karkatar da shi, kuma ta bakin Anita ta karkatar da shi.

Idan aka jera waɗannan fitowa uku, za a ga cewa matsayin yana buƙatar mutum ɗaya da zai iya raha da rawa, ya iya waƙar baƙin ciki, ya kuma iya maganar da za ta sa 'yan kallo su yarda cewa mutumin kirki zai iya yin mugunta idan aka kai shi bango. Kafin wannan lokaci an saba raba irin waɗannan ayyuka ga mutane daban-daban, 'yan rawa daban, mawaƙa daban. Robbins ya nemi a haɗa su, ya kuma yi mako takwas yana gwaji maimakon huɗu da aka saba. A ɗakin gwajin nan aka yanke wa Anita riga, kuma a jikin Rivera aka gwada ta. Shaidar darajarta a idon masu wasan ita ce, sun jinkirta buɗe shi a Landan a 1958 har sai da ta haihu ta dawo. Duk da haka, ko cikin 'yan takarar Tony ba a sa sunanta ba saboda Anita.

4.0 Dandamali da Fim

Da aka mayar da wasan fim a 1961, Rita Moreno aka ba Anita, ta kuma ci kyautar Oscar. A sabon fim ɗin Steven Spielberg na 2021 Ariana DeBose ta yi Anita, ita ma ta ci Oscar. A 1960 Rivera ta fito a matsayin Rose Alvarez a Bye Bye Birdie tare da Dick Van Dyke, amma a fim ɗin 1963 shi ya riƙe matsayinsa, nata kuwa aka ba Janet Leigh. A 1975 ta yi Velma Kelly a Chicago, a fim ɗin 2002 Catherine Zeta-Jones ta yi Velma ta ci Oscar, Rivera kuwa 'yar gajeruwar fitowa kawai ta yi a cikinsa. A 2025, bayan rasuwarta, Jennifer Lopez ta ɗauki matsayinta a fim ɗin Kiss of the Spider Woman. Wanda ya dubi wannan jeri zai iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai bai kamata mu tsaya ga jin tausayi ba, domin aikin manazarci shi ne gano dalili. Akwai bambanci na asali tsakanin sana'o'in biyu. A fim ana ɗaukar rawa gutsure-gutsure a harhaɗa, ana kuma iya ɗora muryar wani a kan fuskar wani. A fim ɗin 1961 muryar Marni Nixon ake ji a waƙoƙin Maria, alhali Natalie Wood ake gani. A dandamali babu wannan dama. Mai wasa yana fitowa sau takwas a mako, yana yin komai da kansa daga farko zuwa ƙarshe, kuma dole motsinsa ya isa ga wanda ke zaune a kujerar ƙarshe. Gwanintar Rivera ta wannan fage ce. Fim kuwa fitacciyar fuskar da za ta jawo 'yan kallo yake nema.

Illar wannan ga nazari babba ce. Fim yana nan ana iya maimaita kallonsa, wasan dandamali kuwa yana ƙarewa da saukar labule. Sai a 1970 ne ɗakin karatu na jama'a na Niyok ya kafa sashen ɗaukar wasannin dandamali don adanawa. Abin da ya rage daga Anita ta 1957 shi ne faifan waƙoƙin, da hotuna, da sharhin jaridu, da shaidar waɗanda suka gani. Saboda haka manazarci mai neman sauƙi zai ɗauki fim ya yi hukunci da shi, ya manta cewa abin da yake gani an gina shi a kan wani da ya riga shi.

Dokar haƙƙin mallaka ma haka ta bi. Dokar Amurka ta 1976 ta ambaci tsarin rawa cikin ayyukan da ake karewa, amma mai tsarawa take karewa, mai takawa ba shi da kaso. Ko tsakanin masu tsarawar ma akan yi rashin adalci, domin Peter Gennaro ne ya tsara yawancin rawar 'yan Puerto Rico a West Side Story, har da ta "America", amma sunan Robbins ne duniya ta riƙe. In haka ta sami mataimakin mai tsara rawa, ina ga 'yar rawa?

5.0 Velma Kelly a Chicago (1975)

Chicago shi ne ya fi nuna mana yadda ake gina tauraro a kan iyawar mai wasa. John Kander ya yi kiɗan, Fred Ebb ya yi baitoci, Bob Fosse ya shugabanta ya tsara rawa, an kuma ɗauko labarin daga wasan Maurine Dallas Watkins na 1926. Labarin mata biyu ne da suka yi kisan kai, suka mayar da shari'arsu hanyar neman suna. An tsara kowace waƙa a sigar wasannin nishaɗin da ake kira vaudeville, don a nuna cewa kotu da jarida sun zama gidan wasa.

Salon Fosse salo ne na tsuke motsi: karkata kafaɗa, da lanƙwasa gwiwa ciki, da kaɗa yatsu, da jinkirta taku. Salon Rivera na asali kuwa na faɗi ne da ƙarfi. Haɗuwar biyun ita ta haifi Velma, mace mai kama da wadda ke danne wuta a cikinta. Akwai waƙar da Velma ke ƙoƙarin shawo kan Roxie su haɗa ƙungiya, inda take nuna mata wasan da suke yi da 'yar'uwarta da ta kashe. Dole mai wasan ta taka rabonta ta kuma taka rabon marigayiyar, ita kaɗai, tana waƙa tana haki. Ma'anar fitowar tana cikin gajiyar, domin 'yan kallo suna ganin mace mai girman kai tana roƙo da guminta. Wanda ya karanta baitocin kaɗai ba zai sami wannan ba. Kuma marubuci ba ya rubuta irin wannan fitowa sai ya san yana da wadda za ta iya ɗaukarta.

An nuna Chicago sau 936, amma bai ci Tony ko ɗaya ba, domin A Chorus Line ya kwashe kyaututtukan 1976. Abin sha'awa shi ne, wannan wasa na biyu labarin 'yan rawan baya ne da ba a san sunayensu ba, watau ajin da Rivera ta fito daga cikinsa.

6.0 Tsufa da Rauni a Matsayin Kayan Aiki

Ta ci Tony ta farko a 1984 da The Rink, inda ta fito a matsayin uwar Liza Minnelli, shekara ashirin da bakwai bayan Anita. A 1986 ta yi haɗarin mota a Niyok, ƙafarta ta hagu ta karye wuri goma sha biyu, aka haɗa ta da ƙarafa. Ga mai rawa da ta haura hamsin, wannan ya isa ya zama ƙarshen sana'a. A ganinmu kuwa, ayyukanta biyu mafi zurfi bayan wannan haɗari suka zo.

Na farko shi ne Kiss of the Spider Woman, wanda aka ɗauko daga littafin Manuel Puig, marubucin Ajantina, na 1976. Fursunoni biyu ne a kurkukun wata ƙasa ta Latin Amurka, ɗaya ɗan siyasa, ɗayan kuwa yana tsere wa azaba ta hanyar tuno finafinan wata tauraruwa mai suna Aurora, wadda a ɗaya daga cikinsu take fitowa a matsayin gizo-gizon da sumbarta ajali ce. An fara gwada wasan a 1990 ba tare da Rivera ba, bai karɓu ba. Aka sake masa fasali, aka buɗe shi da ita a Toronto da Landan a 1992, sa'an nan Broadway a 1993, inda aka nuna shi fiye da sau 900. Ba za mu ce ita kaɗai ta cece shi ba, tun da an gyara rubutun sosai. Amma matsayin yana buƙatar wadda 'yan kallo za su yarda cewa tsohuwar tauraruwa ce da mutum zai iya rayuwa da tunaninta, kuma Rivera, tana da shekara sittin, ta shigo da tarihinta duka cikin matsayin. Ta rage yawan motsi, ta mayar da ƙarfi ga hannu da wuya da tsayuwa, 'yan rawa maza suka ɗauki tsalle-tsalle. Ƙarancin motsin ya dace da mutuwa, wadda ba ta gaggawa.

Na biyu shi ne The Visit, daga wasan Friedrich Dürrenmatt na ƙasar Suwizalan, wanda ta fara yi a Shikago a 2001, ya kuma iso Broadway a 2015 tana da shekara tamanin da biyu. Labarin attajira ce mai ƙafar roba da ta koma matalaucin garinsu, ta yi musu tayin dukiya in za su kashe mutumin da ya yaudare ta a ƙuruciya. Akwai inda tsohuwar take rawa da wata yarinya da ke wakiltar ƙuruciyarta. 'Yan kallo da suka san wace ce Rivera suna ganin abu biyu a lokaci guda: tauraruwar labari tana duban abin da ta rasa, da mai rawa tana duban jikin da take da shi a da. Wannan ma'ana ta biyu babu ta a rubutu.

7.0 Iyakar Hujjarmu

Adalci ya wajabta mu faɗi inda hujjarmu ta tsaya. Da farko, gwanintar mai wasa ba ta rufe raunin rubutu. Bring Back Birdie na 1981 sau huɗu kawai aka nuna shi aka rufe, ko da yake an sa sunanta a takarar Tony saboda shi. The Visit ma bai kai wata biyu cikakku ba bayan buɗe shi a Broadway, kuma asali Angela Lansbury aka nufa da matsayin. Na biyu, waɗanda suka gaje ta ba kwaikwayo kawai suka yi ba. Moreno, wadda a Puerto Rico aka haife ta, ta kawo nata, haka Bebe Neuwirth da ta ci Tony da Velma a 1997. Na uku, muryar Rivera ba ta cikin manyan muryoyin Broadway ta fuskar faɗi ko zaƙi. Ƙarfinta yana ga fitar da kalma sarai da riƙe bugu. Wanda ya saurari faifai kaɗai zai ji rabin fasaharta, zai ma iya mamakin sunan da ta yi.

Akwai kuma batun hoton da West Side Story ya zana wa mutanen Puerto Rico, wanda masanansu da dama suka soka, tun da babu ɗan tsibirin ko ɗaya cikin marubutan huɗu, kuma baitocin "America" na 1957 sun muzanta tsibirin har aka sassauta su a fim. In mun ba Rivera rabo a cikin ƙirƙirar Anita, dole mu yarda cewa tana da rabo a cikin wannan muhawara ma. Abin da za mu iya cewa shi ne, Anita ce ta fi kowa cikar mutuntaka a ɓangarenta na wasan, kuma daga baya Rivera ta fita daga ƙangin matsayin da ake ware wa jinsinta, domin Velma da uwar The Rink da attajirar The Visit babu 'yar Latin Amurka a cikinsu.

8.0 Kammalawa

Abin da muka yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wasan waƙa da rawa ba a gama rubuta tauraro a kan tebur. Ana kammala shi a ɗakin gwaji, inda ake daidaita sautin waƙa da muryar mai yi, a tsawaita rawa ko a gajarta ta gwargwadon ƙarfinsa, a ƙara fitowa saboda an ga zai iya. Wanda ya zo daga baya yana gadon wannan awo ko bai sani ba. Saboda haka mai aiwatarwa na farko abokin ƙirƙira ne, kuma nazarin da ya tsallake shi bai cika ba.

Wannan yana da amfani gare mu a nan gida. Mun yi rubuce-rubuce a kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi saboda suna cikin littafi. Amma 'yan wasa irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, a bakinsu da jikinsu taurarinsu suka rayu, haka kuma 'yan amshi da 'yan rawan makaɗanmu, waɗanda mukan rubuta baitocin ubangidansu mu bar su ba suna. Shawararmu ga sassan koyar da adabi ita ce a ɗauki aiwatarwa da na'ura a adana, a yi hira da masu yi tun suna raye, a kuma koya wa ɗalibai yadda ake bayanin motsi da murya kamar yadda ake koya musu bayanin jigo da salo. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka ya kamata manazarci ya fara tantance su wane ne masu ita kafin ya zauna yin sharhi.